Ta ishe ni: mi ya rage wa baƙo mai ban haushi a wuyanmu?

Mu shida ne muke haɗuwa ran Asabar bayan la'asar a ɗakin wani abokinmu ɗan Tawa, mu kalli Star Trek. Kwamfuta ɗaya ce, a aza ta bisa kujera, shayi na kan wuta, in kuran ya ɗauke batir ya kai mu inda zai iya. Wanda muke bi shi ne The Next Generation, wanda aka yi a Amurka daga 1987 zuwa 1994, kashi 178, labarin jirgin sararin samaniya Enterprise da kyaftin ɗinsa Picard. Doka guda gare mu: ba a tsallake kashi sai mutum huɗu cikin shida sun yarda. Sau ɗaya tak aka taɓa kaɗa wannan ƙuri'a, ranar da muka ga Lwaxana Troi ta sake saukowa cikin jirgin da kayanta. Hannu biyar suka tashi, kuma ni na fara ɗagawa.

Wadda ba ta ɗaga ba ƴar ajinmu ce, ƴar Maraɗi. Ta ce: "Ku dakata. Kwanan baya Q ya jefa jirgin nan bakin Borg, mutum 18 suka mutu, kuna ta dariya kuna cewa gwani ne. Wagga tsohuwa wa ta kashe? Mi ta yi muku?" Mai ɗakin ya ce: "Ba ta kashe kowa ba, ta ishe ni ne kawai." Aka yi dariya, aka tsallake. Ni kuwa tambayarta ta bi ni har gida, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Ga wanda bai san matar ba, bari in gabatar da ita. Lwaxana mahaifiyar Deanna Troi ce, mai ba ma'aikatan jirgin shawara. Ƴar duniyar Betazed ce, inda mutane ke jin abin da ke cikin zuciyar juna ba sai an buɗe baki ba. Ba ta cikin ma'aikata, ziyara take zuwa: kashi shida a wannan shiri, uku a Deep Space Nine, tara ke nan duka. Amma in ta zo sai kowa ya san ta zo. Ranar farko ma kyaftin ɗin ta sa ya ɗauki akwatinta, yana nishi. Da ta buɗe baki sai ta jero sarautunta, har da wani kofi mai tsarki da take taƙamar riƙo, wanda ɗiyarta ta ce tsohuwar tukunyar laka ce da ta yi hunhuna. Ba ta iya sunan Worf daidai ba, kuma ba ta damu ta iya ba. Tana cin abinci baranta, wani dogo da ba ya magana, yana buga mata ƙararrawa. Kullum zancenta ga ɗiyarta ɗaya ne: yaushe za ki yi aure? Masu son shirin a ƙasashe da yawa, in suka zo lissafa baƙin da suka fi ba su haushi, da wuya sunanta ya fita daga jerin. Mu ma da muka ɗaga hannu ba mu ƙirƙiro wani sabon abu ba.

Tunda harshe nake karanta, sai na fara da kalmar da abokina ya yi amfani da ita. "Ta ishe ni" daga "isa" ta fito, irin isar da ruwa ke yi in tulu ya cika. Ma'aunin da ake magana a kai tulun mai maganar ne. Haka "mai ban haushi": "ban" ɗin nan bayarwa ce, kuma ba a bayarwa sai da mai amsa. "Ta dame ni", "ta gundure ni", duk sai ka sa "ni" jimlar ke tsayawa. A Faransanci ko Ingilishi kana iya manna wa mutum sifa guda, kamar yadda za ka ce dogo ne ko gajere, sai ban haushin ya zama kamar da shi aka haife shi. Hausa, a waɗannan kalmomi dai, tana tilasta maka ka ambaci kanka. Ba ina cewa harshe ne ke yi mana tunani ba. Malamanmu sun ja mana kunne kan wannan gaggawar. Amma nahawun ya tuna mini abu ɗaya: haushi aikin mutum biyu ne, kuma duk wanda ya ce wance ta ishe shi ya faɗa mana girman tulunsa.

Sai kalma ta biyu, baƙo. A wurinmu kalma ɗaya ce ga wanda ka gayyata da wanda ba ka taɓa gani ba. Bafaranshe kuma kalma ɗaya yake amfani da ita ga mai masauki da wanda aka saukar. Masanin harshe Émile Benveniste ya nuna cewa kalmar Latin da ta zo ta zama "abokin gaba" tun farko baƙo take nufi, baƙon da ke da haƙƙi a kanka kai ma kana da haƙƙi a kansa. Wato tsakanin wanda za a yi wa shimfiɗa da wanda za a rufe wa ƙofa tazarar ba ta da yawa, kuma tsofaffin harsuna sun san da haka.

To, mu koma ga tambayar ƴar ajinmu. Q wani halitta ne mai iko marar iyaka. Tun kashin farko na shirin ya gurfanar da ɗan Adam gaba ɗaya gaban shari'a. A 1989, don kawai Picard ya ce ba ya buƙatarsa, ya wurga jirgin nesa, gaban abokan gaba da ba su da makamin tunkara, rayuka 18 suka salwanta. Masu kare shi suna cewa gargaɗi ya yi musu. Ko da haka ne, iyalan waɗanda suka mutu ba a tambaye su ba. Duk da haka in ya bayyana sai mu gyara zama. Kashin da muka tsallake kuwa, "Manhunt", na koma na kalle shi ni kaɗai. A ƙarshensa Lwaxana na shirin tafiya, ta dubi wasu jakadu biyu da jirgin ya ɗauko, ta ce ai waɗannan ƴan kisa ne, rigunansu cike suke da abin fashewa, taron da za su je suke shirin tarwatsawa. Aka bincika, haka ne. Duk na'urorin jirgin ba su gano ba.

Don mi muke yafe wa mai cuta da sauri fiye da mai surutu? Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Cutar Q a kan wasu ta faɗa, mutanen da ba a ma nuna mana fuskarsu ba. Surutun Lwaxana kuwa a kunnenmu yake sauka. Ma'auninmu ashe ba girman laifi ba ne, kusancinsa da fatarmu ne. Ga kuma wani abu: Q namiji ne mai iko mai iya magana, rashin kunyarsa sai mu kira ta isa. Ita mace ce da ta manyanta, tana ado, tana son a so ta, kuma ba ta ɓoyewa. Majel Barrett da ta fito a matsayinta, a muryar Ingilishi ta asali ita ce kuma muryar kwamfutar jirgin. Mace ɗaya, murya ɗaya. In tana amsa abin da aka tambaye ta ta yi shiru, babu mai ƙorafi. Ranar da ta yi magana ba a tambaye ta ba, hannu biyar suka tashi.

Kada ku ce na wanke ta tas. Abokaina suna da hujja, kuma hujjar ta kasu uku.

Ta farko ita ce mai kallo ba mai masauki ba ne. Lwaxana ba mutum ba ce, rubutu ce, kuma kowa na da damar ya ce rubutun bai yi ba. Na yarda. Kashin "Cost of Living" na 1992, inda ta ja ɗan Worf suka shiga wankan taɓo, ni ma ban ga abin da ya ƙare ni da shi ba. Wanda ya tsallake kashi bai zalunci kowa ba. Sai dai a lura da yadda muke faɗin abin. Ba mu ce marubuta sun yi sake ba. Mun ce "matar nan", mun ce "tsohuwar nan", da irin muryar da muke ambaton wasu mata na gaske a cikin danginmu. Abin da ya fito daga bakinmu ranar hukunci ne a kan wani irin mutum, fim ɗin hanya kawai ya ba mu.

Ta biyu, wasu na cewa don tana matar Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, shi ya sa ake cusa mana ita. Matarsa ce, gaskiya. Amma ya rasu a watan Oktoba na 1991, kuma biyar daga cikin kashi taran nan bayan rasuwarsa aka nuna su.

Ta uku ita ce mai nauyi. Lwaxana tana aikata abin da ya wuce ban haushi. Tana bin Picard da zancen soyayya bayan ya nuna ba ya so, daga baya ta yi wa Odo haka. Tana karanta zuciyar mutane ta faɗa a bainar jama'a. Tana kunyata ɗiyarta gaban abokan aikinta. Da namiji ne yake yi wa mace haka, ba za mu kira shi barkwanci ba. A nan ba ni da abin kare ta. Amma wannan hujja ita ce ta taimake ni na raba abu biyu da muke cakuɗawa. Akwai abin da baƙo ke yi da ke taɓa haƙƙin wani, wannan dole a tsawata masa, ko shi wane ne. Akwai kuma abin da yake yi da haƙurinmu kawai yake ci: yawan magana, dariya mai ƙara, maimaita labari, tambayar da ba a so. Laifinmu shi ne muna ɗaukar hukuncin na farko mu ɗora wa na biyu. Ranar da muka kaɗa ƙuri'a babu wanda ya ambaci mutuncin Picard. Muryarta muka ce ba ma son ji.

A ajin nazarin ma'ana an koya mana ƙa'idojin hira huɗu na Paul Grice, na 1975: faɗi daidai gwargwado, faɗi gaskiya, tsaya kan batu, faɗi a fili. Lwaxana kullum tana karya ta farko da ta uku. Ta biyu kuwa, mu masu ladabi mun fi ta karya ta. Ta fito daga al'ummar da ba a iya ɓoye tunani, don haka kewaye-kewayen da muke kira kara da kawaici, a wurinta wata ƙarya ce da aka yi wa ado. Mu kuma da muka tashi cikin kunya, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, halinta sai ya zo mana kamar mari. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne marar tarbiyya.

Wannan halin nata ya yi rana a kashin "Half a Life" na 1991. Wani masani mai suna Timicin ya zo jirgin yana neman hanyar ceto ranar duniyarsu da ke mutuwa. Al'adarsu ita ce duk wanda ya cika shekara 60 sai a yi masa biki ya kashe kansa, don kada ya zama kaya ga ƴaƴansa. Kwanaki kaɗan suka rage masa. Ma'aikatan jirgin suna da babbar doka ta rashin tsoma baki cikin al'adar wasu, sai kowa ya kama bakinsa. Lwaxana ce kaɗai ta ce wannan ba daidai ba ne, ta faɗa wa kyaftin, ta faɗa wa mutumin a fuskarsa, har ya nemi mafaka. Daga baya ɗiyarsa ta zo ta roƙe shi, ya zaɓi ya koma. Lwaxana ba ta canza ra'ayi ba, amma ta shirya ta bi shi don ta kasance cikin masu yi masa rakiya. Bakin da ya hana mu sakat shi ne bakin da ya iya faɗin abin da masu ladabi suka haɗiye. Ba za ka samu na biyun ba sai ka jure na farkon, don baki ɗaya ne.

Akwai wani kashi da masu kare ta suka fi kawowa, ni kuwa shi ne na fi jin tsoro. A "Dark Page" na 1993 tana koya wa wata al'umma da ba ta da maganar baki yadda ake furta kalmomi, sai ta faɗi sumammiya. Aka gano cewa ta taɓa haihuwar wata ɗiya kafin Deanna, mai suna Kestra, wadda ta nutse a ruwa tana ƙarama, kuma uwar ta share shekara bakwai daga littafin ajiyar tarihinta don kada ta tuna. Duk wanda ya kalla sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce ashe shi ya sa. To amma ku duba cinikin da aka yi da mu. An ce mu haƙura da ita saboda ta biya da gawar ɗiya. In haka ne, mai surutun da bai rasa kowa ba fa? Yawancin masu ba mu haushi ba su da wani ɓoyayyen ciwo da za a tona a minti na arba'in. Haka Allah ya yi su. In sai an nuna mana tabo muke yin haƙuri, to tausayi ne muke yi, kuma tausayi yakan ƙare da zarar labarin ya tsufa.

Bara gwaggona ta zo Yamai daga Damagaram ganin likita, tafiyar kusan kilomita 900 cikin kar, ta sauka gidan kawuna inda nake zaune. Kwana uku aka ce, ta yi wata ɗaya da rabi. Tun asuba take fara magana. Ta tambaye ni kuɗin bursina nawa ne, gaban mutane. Ta ce wane irin karatu ne wannan, mutum ya bar gida ya zo koyon Hausar da ya sha a nono. Kullum sai ta lissafa mini ƴan matan unguwarmu da ba su yi aure ba. Ban taɓa yi mata rashin kunya ba. Abin da na yi shi ne na koma fita da sassafe, in dawo bayan ta kwanta, in ce karatu ya yi yawa. Ranar da za ta koma na kai ta tasha, ta riƙe hannuna ta ce: "Ɗan nan, na san na cika ka da surutu. Da ka ce mini Gwaggo yi shiru ina karatu, ai da na yi." Ta kwance bakin zanenta ta ba ni jikka biyu. Gwaggo ba ta da wani sirri mai sa kuka. Tun ina yaro haka take, kuma haka za ta dawo bana.

Maganarta ta nuna mini cewa guduna ba ladabi ba ne, ko da yake haka na riƙa gaya wa kaina. Tsallake ta na yi, kamar yadda muka tsallake kashin nan. Wanda ka ce wa "yi shiru" ka ɗauke shi mutum mai ji, mai iya gyarawa. Wanda ka zame wa ka riga ka yanke cewa ba shi da magani. Muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma akwai fuskar da ake shimfiɗawa don kada a yi magana, kuma baƙo yana gane ta. Ban da haka, ni kaina a gidan nan mi nake? Shekara uku ina cin tuwon matar kawuna, ina kunna fitila har tsakar dare, ina kawo abokai. Ko kwana ukun da malamai ke cewa haƙƙin baƙo ne na ninka su sau ɗari uku da wani abu. Ban taɓa tambayar kaina ko na ishi wani ba. Laifi tudu ne.

Ga inda na tsaya, kuma ina jiran wanda zai ture ni a fitowa ta gaba. Baƙo mai ban haushi ba ya bin mu bashin so; zuciya ba a yi mata dole. Ba ya bin mu bashin shiru in ya taka haƙƙin wani. Abin da yake bin mu shi ne wuri, da gaskiya, da kuma kada mu mai da gajiyarmu ta zama shaidar cewa shi ba mutumin kirki ba ne. Mu ɗalibai mun san yadda ake yi a fada da cikin ƙungiya: akwai wanda ba a taɓa kora ba, an dai daina gaya masa lokacin taro. Ba ya sata, ba ya ƙarya, dogon bayani ne da shi. Wanda ya ci kuɗin ƙungiya kuwa, in ya iya ba da dariya, yana nan a kan tabarma.

Kashin da na fi so ba ya cikin shirin da muke bi, a Deep Space Nine yake, sunansa "The Forsaken", na 1993. Lwaxana da Odo sun maƙale cikin na'urar hawa bene. Odo halitta ne da dole duk bayan awa 16 ya narke ya koma ruwa, kuma ba ya son kowa ya gan shi a haka. Ta yi ta zuba har ya rasa inda zai sa kansa. Da lokacinsa ya yi, yana ta ƙoƙarin riƙe siffarsa don kunya, sai ta cire gashin aron da take sawa, ta bar shi ya ga kanta yadda yake. Sannan ya saki jiki ya narke, ta tare shi cikin rigarta har aka buɗe ƙofa. Da na'urar ba ta lalace ba, da tun minti na farko ya gudu, kamar yadda na riƙa yi.

Na kai wa abokaina wannan kashi a kan kile, na ce mu kalla ran Asabar mai zuwa. Mai ɗakin ya ce sai an kaɗa ƙuri'a. Zuwa yanzu mu biyu ne, ni da ƴar Maraɗi.